Jan-Cibi a Rumbun Alhaji Namadi

"…lahiya lau, lahiya lau. Ina gajiyar hanya, Mero?"

"Babu gajiya. To amma da wa nika gaisawa? Murya ina ji, mutum ban gani ba."

"Ina nan kusa. Aje kayanki zaure ki tahi, in na hito na aiko."

"In aje kihi zaure, kyanwowin Illo su yi buki? Bawa, kana ina?"

Ni ina bayan zana ina gyaran igiyar akuya, saboda haka komai a kunnena aka yi shi, rabi kuma a idona, don zanar da ke tsakanin gidana da na Alhaji Namadi tela ta daɗe da yin taga. Muryar Alhaji daga cikin rumbu take fitowa, babban rumbun nan nasa da sai da tsani ake hawa.

Mai sallamar kuwa Mero ce, mai sayar da bandar kifi a kasuwar Lolo. Ɗiyar kawunsa ce, shi ɗan mace, wato taubasai ne. Tun suna yara take ce masa bawa, kuma zuwansa Makka bai sa ta rage ko harafi ba.

Bari in gaya muku abin da ya kai dattijo cikin rumbu. Akwai wani faifan garmaho da ya shigo mana ta Dahome tun shekara takwas kafin mulkin kai, mai jar takarda a tsakiya, shi ya sa muka sa masa suna Jan-Cibi. Kiɗan bakin teku ne, da ƙaho da jita da wata mace mai siririyar murya. Duk Illo babu wanda ya san abin da take faɗa. Faya-fayai nawa suka zo bayansa, a yi damina ɗaya ana yayinsu a watsar, shi kuwa yana nan. Ranar da mutanen Dahome suka karɓi ƙasarsu shi aka kwana biyu ana sawa a Madekali da ke ƙetaren iyaka, bayan wata biyu da namu ya zo shi ɗin dai aka sa a filin makaranta. Namadi ne ya fara mallakarsa a garinmu, kuma in aka sa, har tsofaffi kan matsa su ba shi filin rawa.

Da ya dawo daga hajji, sai ya tsaya ƙofar masallaci bayan Juma'a ya ɗauki alkawari gaban jama'a cewa shi da Jan-Cibi sun rabu. Nan take ya miƙa wa Mero faifan ya ce ran kasuwa ta jefa shi kogin Kwara. Ta je ta dawo ta ba da labarin yadda ya nutse har da kumfa, shi kuma ya ba ta ɗankwalin Makka tukwici. Garmahon kuma ya ce ya lalace.

To a ranar da nake ba ku labari, matan gidansa duk sun tafi bikin suna a Geza tun da safe. Da rana tsaka kuma Liman Malami zai zo da mutane su kwashi dammunan geron da Alhaji ya yi alkawarin bai wa masu gyaran rufin masallaci, daga cikin wannan rumbun dai. Liman ɗin nan surukin Mero ne, shi ke auren ɗiyarta ta fari, Asma'u. Tun da hantsi nake jin Jan-Cibi can ƙasa-ƙasa kamar daga cikin rijiya, na leƙa na ga an ture jinkar rumbu gefe, ƙurar gero tana tashi bul, bul, daidai da kiɗa.

Mero ta sauke kwandonta, ta zagaya rumbun sau ɗaya, ta janye tsanin ta kwantar da shi ƙasa, ta zauna a kai.

"Alhaji guda cikin rumbu. Ɓeraye kaka yi ma wa'azi?"

"Dammunan masallaci nika zaɓe."

"Da kiɗi?"

"Wane kiɗi? Kunnenki na. Shekara talatin cikin hayaƙin banda, dole shi yi ta kiɗin kainai."

"Awo. Kuma kunnena na yat tada ƙura bisa rumbu, tun daga bakin tsamiya nig gane ta."

"Iska ta."

"Iska mai tsayawa in an yi sallama."

Ban san me ya taɓa a ciki ba, wataƙila gwiwar hannu, sai ga ƙahon nan ya sake tashi, mai siririyar murya ta fara, aka yi maza aka danne ta.

"Ɓera na," in ji Alhaji.

"Ɓeran Makka, mai busa ƙaho. Hito da kanka in ga haƙorin zinari."

Sai ga hula ta ɓullo, sannan goshi, sannan idanu. Gemun duk ƙaiƙayi. Ya duba ƙasa bai ga tsani ba.

"Mero, mai da tsanin ga."

"Na gaji, zama nika yi."

"Ga tabarma can."

"Tsani ya fi mani daɗi. Tsallako mana, da can ba kai aka ba fili ba?"

"Kin san gwiwata."

"Na san ta. Ita ta wadda ba ta iya kai ka gaisuwar gyatumata, amma ta iya rawa bisa gero."

"Ban yi rawa ba. Shiga niy yi in hid da abin ga tun Malam bai zo ba. Nic ce bari in ji ko shina da rai, sau guda."

"Tun hantsi sau guda?"

Wannan ni na faɗa a zuci, amma ita ta faɗa a fili, kamar mun yi shawara.

Alhaji ya rage murya. "Ke, rana ta kusa tsaka. In mutanen ga sunka ishe ni haka, da wace huska zan sake tsayawa sahun gaba?"

"Da wagga mai ƙaiƙayi. Ni dai ina nan zaune, in ga yadda Alhajin da yas sa matan gari kuka ƙofar masallaci za shi miƙa garmaho maimakon dame."

"Surukinki na hwa. Ke kina iya zama gabanai?"

"In ruhe huska. Kunne ya ishe ni. Yanzu gaya mani inda kas samo shi."

"Wani baƙo yab bar mani ajiya."

"Baƙo mai rawani har ido cikin bazara? Wanda yat tahi rumfar mai kayan gwanjo a Lolo shina gwamutsa Zabarmanci, wai maigidanai ɗan kwastan ya aiko shi?"

Hular nan ta nutse kaɗan.

"Mai rumfar da bakinai yag gaya mani. Yac ce har ka juya za ka tahi, sai yac ce maka, Alhaji, rigar da kaɗ ɗinka mani hannu guda ya hi guda tsawo. Kai kuma kac ce mai, kawo ta ran Laraba. Da Hausa tsantsa."

Na toshe bakina da igiyar akuya. Da Alhaji ya sake magana, ba da muryar wasa ya yi ta ba.

"Wata goma sha huɗu niy yi ina haƙuri, Mero. Ni na bar shi, ƙahwata ta ƙi. In na hau keken ɗinki ita ka kiɗa shi da kanta. Ina ɗinka likkafani ran nan, nij ji keke ya ɗauko wurin da ƙaho ka shiga, sai da nit tashi nis sha ruwa. Ban san abin da matar ga ka cewa ba, ko zagina takai ban sani ba. Amma in ban ji ta ba kwana biyu, sai in ji kamar an yi tahiya an bar ni."

"Wayyo bawa. Sai ka gaya ma Malam hakanan, shi rubuta maka ka sha."

"To. Na ji. Amma kahin su iso ina da tambaya guda, ke da kinka san ruwa."

"Yi ta."

"Kihin Kwara suna kai kaya gwanjo?"

Mero ta gyara zama a kan tsani. "Ban gane ba."

"Faifan ga da nis saye, in mai siririyar murya ta shigo karo na biyu, sai shi tsaya shina maimaita abu guda sai an tura allura da yatsa."

"Duk faifai na yin haka in ya tsuhwa."

"Duk faifai na da tabon warwaronki? Ran bukin Asma'u kinka ari garmahona, wai ƙawayen amarya ka so. Ashe uwar amarya ta, da ya kamata a ishe ta ƙuryar ɗaki tana sunne kai, tak kulle ƙohwa da tsohin masu banda huɗu. Kinka juya, warwaro yak karce shi. Kinka zo kina roƙona kada in gaya ma kowa."

"Warwaro ba ni ɗai ka sa shi ba."

"Almakashi hwa? Ni ɗai na telan da yaz zana almakashi da allura bisa jar takarda." Ya ɗago faifan sama da bakin rumbu, rana ta haska shi. "Ga shi. Nawa na. Na saye abina da hannuna, ina Zabarmanci."

Mero ta sunkuyar da kai. Ta kama gefen zane tana murzawa kamar yarinyar da aka kama da hannu cikin tukunya.

"Har da kumfa, Mero. Kinka ce ya yi juyi ukku sannan yan nutse. Ladan har kabbara yay yi."

"An yi juyi ukku."

"Mi ay yi juyin?"

"Murhin kwano."

"Mi?"

"Murhin kwanon tuwona. Mun kai tsakiyar ruwa, nih hiddo shi daga zane, nid dube shi, hannuna yaƙ ƙi. Ga mai jirgi na kallo, ya san abin da anka aike ni. Sai nij juya baya nis saki murhi. Ya ji tsulum, ya shaida."

"Allah Sarki kwano. Shekara guda da wani abu shina zaune ba murhi saboda amanar ɗiyar kawu. Sannan kinka sai da ni gwanjo."

"Ban sai da ba. Kada ka ɗora mani wanda ban yi ba, wanda niy yi ya ishe ni." Ta share fuska da tafin hannu. "Gidan Mariyamu nik kai shi, ƙawata ta Madekali, mijinta na da garmaho. Ran kasuwa in an watse sai mu ƙetara, mu shida, kowace da jikoki. Mu tura ƙyaure mu sa shi, gaba da baya, mu sake gaba da baya. Wata har sandarta taka jinginewa. Sai mijin yas sayo rediyo, yak kwashe garmaho da faya-fayai yak kai gwanjo ba shawara. Rediyon kuwa abin da yag ga dama shika sawa, mun zauna gabanai kasuwa ukku, surutu ɗai shikai da Faransanci."

"Ashe ba gaisuwa ta kawo ki ba."

"Wa ka tahowa tun daga Lolo gaida bawa?"

"Ɗankwalina hwa? Na Makka, da nib ba ki gaban mutane?"

"Shina ƙasan tukunya da naɗinai. Ban taɓa ɗaurawa ba. In na ɗauko sai in ji kaina ya yi nauyi, in mai da."

Shi a sama yana kallon jinka, ita a ƙasa tana kallon yatsun ƙafa. Kaza ta zo ta tsaya tsakaninsu ta wuce.

Alhaji ne ya fara farfaɗowa. "To zauna. Bari Malam shi zo. Ni in miƙa garmaho, ke ki yi bayanin murhi. In ƙara mai da na ran bukin matatai."

"Ba ka yi."

"Wanda ac cikin rumbu mi yar rage mai?"

"Namadi, in mai gidan yarinyar ga yaj ji wagga magana, sai dai in koma Dahome da zama."

Yau ga Mero ta kira shi da sunansa. Sunan ɗiyar tata kuwa da na surukin, ko a wannan hali bakinta bai iya kamawa ba.

Sai kuwa jaki ya yi kuka daga wajen tsamiya. Mero ta juyo kai tsaye wajen tagar zanata.

"Manu, na san kana nan, tun ɗazu nika ganin idonka. Leƙa muna hanya."

Na leƙa na dawo. "Liman na, da mutum biyu da jaki. Sun tsaya gaisawa da mai goro."

"Mai goro na da dogon gaisuwa?" in ji Alhaji.

"Yau ba shi da lahiyar murya."

Ban taɓa sanin tsohuwa na iya ɗaga tsanin giginya ita kaɗai ba. Ta jingina shi, ta hau taki uku, ta miƙa hannu.

"Miƙo akwatin."

"Ki kai ina?"

"Ƙarƙashin kihi. Ko kana da wurin da ya hi?"

Ya miƙo garmaho, ya miƙo faifan a naɗe cikin ƙyalle. Ta zazzage kwando, ta shimfiɗa su a ƙasa, ta mayar da banda a kai ta rufe da buhu. Alhaji ya sauko da baya yana nishi, ƙaiƙayi tun daga hula har idon sawu, yana susa kamar mai ƙazuwa.

Liman ya yi sallama ya shigo. Yana ganin surukarsa ya tuɓe takalma ya durƙusa, ido a ƙasa. Ita kuma ta ja mayafi ta juya wa bango fuska. Aka yi gaisuwa doguwa, kowa na yi wa ƙasa magana.

"Alhaji, ai da ka bari mun zo mun shiga da kanmu," in ji Liman. "Dubi yadda kay yi saboda aikin masallaci. Allah shi saka."

Amin ɗin da Alhaji ya ce, ni da ke kusa da kyar na ji ta.

Liman ya dubi kwando ta gefen ido, ya ce wa ɗaya daga cikin mutanensa ya ɗaukar wa Inna kaya ya kai mata masauki.

"Bawa, gaya mai a bar shi, ba nauyi," in ji Mero, tana kallon bango.

Mutumin ya riga ya kama. Ya ɗaga ya sauke. "Kihin ga kuwa da nauyi shike."

"Giwan ruwa na a ƙasa," in ji Alhaji da sauri. "Kuma ba ta son a jijjiga shi, ɓarewa shikai. Bar mata abinta."

A nan ne Mero ta ga ƙofa. Murya a sanyaye, kamar ta Allah, ta ce, "Bawa, tunda ga manya, a yi ta gabansu. Abin da ac can ƙasan kwando, aro na ko kyauta?"

Alhaji ya dube ta, ya dubi Liman.

"Kyauta tsakanin 'yan uwa abu na mai kyau, Alhaji," in ji Liman. "Tana ƙara zumunci."

"Na ba ki."

"Duka?"

"Duk abin da ac cikin kwando."

"Ba ka biyo ni gobe?"

"Na ce na ba ki, Mero."

Liman ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a mai tsawo, ya roƙi Allah ya sa abin ya amfane ta ita da na kusa da ita. Aka ɗora mata kwando a ka, ta fita tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Aka kwashi dammuna, jaki ya tafi. Alhaji ya zauna bakin kekensa bai taɓa shi ba.

Bayan la'asar sai ga ta ta dawo, ba kwando, kifi biyu kawai a hannu. Ta tsaya bakin rumfar ɗinki tana kallon gefe.

"Bawa, abin ba shi motsi."

"Wane abu? Ni na yi kyauta gaban liman, ban san komi ba."

"Ƙarhen da aka wana shi da shi. Babu shi cikin akwati."

Alhaji ya shafa aljihun rigarsa, wani abu ya yi ƙara a ciki. "Wanga? Ai ba shi cikin kwando sa'ad da nib ba ki. Malam shaida na."

"Kawo shi."

"Ki wana da murhin kwano."

"Kai kuma ka zauna da ƙarhe kana wana iska."

"Na zauna. Ni ina da keke, shina yi mani kaɗan-kaɗan. Ke mi ag gare ki, rediyo?"

Mero ta dubi aljihun nasa. Sai kafaɗunta suka fara rawa, ta ja mayafi ta rufe fuska, dariya ta ci ƙarfinta har ta dafa ginshiƙin rumfa. Alhaji ma ya sunkuya yana yi wa zare dariya.

"To ka ci," in ji ta. "Ran kasuwa in an watse, ɗakin ajiyata bayan rumfunan banda. Ka zo da rawanin ka na bazara. Bakin ƙohwa za ka zauna, kai ka wana muna garmaho, kuma ka juya muna baya. Ban yarda ka ga tsohuwa na rawa ba."

"Ku ma kada wadda tad dubi ƙahwata."

"Wa ka son ganin ƙahwar bawa?"

Ta ajiye masa kifi ɗaya a kan keke. Ɗayan ta cillo shi ta saman zana ya faɗo gabana.

"Manu, wanga na riƙon bakinka na."

Kifin dai a ranar na cinye shi, da ɗan yaji. Bakin kuwa, kun ga iyakar riƙon da ya yi.